ME ZA MU RERA KAFIN KIRSIMETI?

Da zarar hunturu ya fara busawa, an soma yankan dawa, ɗalibai kuma suna ƙirga kwanakin da suka rage kafin hutun zangon farko, sai a ji mawaƙan makarantu da na majami'u sun ɗauki waƙoƙin Kirsimeti. Tun makon farko na Disamba an riga an haifi Jaririn, an kwantar da shi a komin dabbobi, makiyaya sun zo sun koma wurin tumakinsu, masanan gabas ma sun sauke zinariyarsu sun tafi. Ranar 25 ga wata kuwa, sa'ad da ya kamata murna ta ɓarke, sai a tarar muryoyi sun dushe, waƙoƙin kuma sun zama ɗumame. Abin da muke so mu faɗa a wannan shafi shi ne, wannan gaggawa ƙwace ce ake yi wa Bishara. Ikkilisiya ta ba mu Lahadi huɗu na jira, ta kuma zaɓa mana karatun da za mu yi jiran da shi. Waƙar da ba ta bi sawun wannan karatu ba, komai daɗinta, ta bar hanya.

Domin 'yan aji ɗaya, da kuma 'yan'uwanmu na sauran ɗarikoki da ke karatu tare da mu, bari mu ɗan yi bayanin wannan lokaci. Sunansa Adbent, daga kalmar Latin mai ma'anar isowa, irin isowar sarki a garin da ake sauraronsa. Yakan fara ran Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, watau tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, da shi ne kuma sabuwar shekarar Ikkilisiya take somawa. Tsawonsa ba ɗaya ba ne kullum. A 2022, da Kirsimeti ta faɗo ran Lahadi, kwana 28 aka yi cif. A 2023 kuwa kwana 22 ne kawai, gama Lahadi ta huɗu ita ce jajibere. Ba jiya aka fara shi ba. A ƙasar da yanzu ake kira Faransa, Kiristocin dā sukan fara azumi tun bayan idin Waliyyi Martin, ranar 11 ga Nuwamba. Roma ce ta tsaya a kan Lahadi huɗu, amma har yau a Milan ta Italiya shida suke yi. Kyandirori huɗun nan da ake kunnawa ɗaya bayan ɗaya kuwa, asalinsu ba na Katolika ba ne. Wani faston Lutheran mai suna Johann Wichern ne ya fara su a Hambug ta Jamus a 1839, a gidan da yake riƙon yaran talakawa. Yaran sun dame shi da tambayar yaushe Kirsimeti za ta zo, sai ya jera kyandirori a kan tsohuwar ƙafar keken doki, ana kunna ɗaya kowace rana. Ashe rashin haƙurin yara tsohon ciwo ne, mutumin kuwa bai warkar da shi ta wurin kawo ranar kusa ba, koya musu ƙirge ya yi.

Duk wanda ya buɗe idonsa a wurin hadayar Mas ran Lahadi ta farko zai ga an sauya abubuwa. Fada ya ajiye tufafin da ya saba ya sa na shunayya. An rage furanni a bagadi. Abin da ya fi shafar mawaƙa kuwa shi ne, ba a rera waƙar Ɗaukaka, wadda a Latin ake kira Gloria, a dukan Lahadi huɗun nan. Halleluya kam tana nan, ba a ɗauke ta kamar yadda ake yi a lokacin azumi kafin Ista ba, domin Adbent ba zaman makoki ba ne. To, me ya sa aka ɗauke ɗaya aka bar ɗaya? Domin farkon waƙar Ɗaukaka daga bakin mala'iku aka samo shi, a daren da suka bayyana ga makiyaya a karkarar Baitalami. Ikkilisiya takan kame bakinta daga wannan waƙa mako uku ko huɗu, domin in aka buɗe ta a Mas na daren Kirsimeti ta faɗo a kunne kamar ruwan farko na damina. Sai fa in babban idi ya ratso, kamar na Uwargida Maryamu ranar 8 ga Disamba, sa'an nan a rera ta, a sāke ajiyewa. Yanzu ku duba abin mamaki. Fada ya bi ƙa'ida ya tsallake waƙar mala'iku a farkon Mas, amma da an zo lokacin baiko sai 'yan kwaya su shigo da mala'ikun nan da makiyayansu ta ƙofar baya, da ganga da kibod da tsalle. Abin da aka ɓoye a ɗaka sai ga shi an baje a kasuwa.

Bisharar Luka ita ce ta fi nuna mana dangantakar jira da waƙa. A surori biyu na farko kaɗai akwai waƙoƙi huɗu: ta Maryamu, ta Zakariya, ta mala'iku, da ta dattijo Saminu a Haikali. Ba ko ɗaya a cikinsu da ta riga lokacinta. Ku ɗauki Zakariya. Firist ne, matarsa Alisabatu ba ta taɓa haihuwa ba, har tsufa ya cim musu. Ranar da kuri'a ta faɗa a kansa ya shiga ƙona turare, mala'ika Jibra'ilu ya kawo masa albishirin ɗa. Ya yi shakka, ya nemi abin da zai tabbatar masa, abin da ya samu kuwa shi ne bebantaka. Wata tara da 'yan kai, mutumin da aikinsa ya haɗa da sa wa jama'a albarka da baki ba ya iya cewa uffan. Yana ganin cikin matarsa yana girma, Maryamu ta zo gaisuwa ta yi wajen wata uku a gidansa, shi dai shiru. Sai a rana ta takwas bayan haihuwa, da ya nemi allo ya rubuta sunan yaron, harshensa ya saki, abin da ya fara fitowa kuwa yabo ne. Ikkilisiya ta jera mana wannan labari daki-daki a Mas na ranakun mako: bebantakarsa ranar 19 ga Disamba, haihuwar yaron ranar 23, waƙar tasa kuma sai da safen 24. Har yau firistoci da sistoci a duniya duka suna rera waƙar nan kowace safiya cikin addu'arsu. Mu dai a ganinmu, da bakin dattijon nan bai rufu wata tara ba, da abin da zai fito daga cikinsa bai kai wannan nauyi ba.

Mu koma kan karatun Lahadi, gama can ne tushen maganar. Tun 1969 Ikkilisiya take bin tsarin karatu na shekara uku: shekarar A ta Matiyu ce, B ta Markus, C ta Luka. Amma a kowace shekara fasalin Adbent ɗaya ne, wanda bai lura ba kuwa zai yi mamakinsa. Ran Lahadi ta farko ba a ko ambaci jariri ba. Maganar komowar Ubangiji ce a ƙarshen zamani, da gargaɗin zama a faɗake. A shekarar Markus, Yesu ya ba da misalin maigidan da ya yi tafiya, ya raba wa barorinsa aiki, ya umarci mai tsaron ƙofa kada ya yi barci, domin ba a san ko da magariba zai komo ba, ko tsakar dare, ko da carar zakara, ko da sassafe. Kowane ɗalibin kwana ya san wannan mutum. Shi ne maigadin da ke bakin ƙofar makaranta da tocila da tsohon bargo, yana jin ɗumin 'yar wutarsa sa'ad da ku kuke minshari. Maigadi yakan yi 'yar waƙa, hakika, domin ya kori barci. Amma ba ya ƙure rediyo, domin in ya ƙure ba zai ji motsi a bayan danga ba, ba zai kuma ji bugun ƙofa ba. Ba mu san wani ma'auni na waƙar Adbent da ya fi wannan ba: ta isa ta hana mutum barci, kada kuma ta kai ta hana shi jin mai zuwa.

Lahadi ta biyu da ta uku na Yohanna Mai Baftisma ne, mutumin jeji, mai rigar gashin raƙumi, mai cin fara da zuma. Ba baƙon da ake so a wurin biki ba ne. A shekarar Luka, mutane suka zo suna tambayarsa abin da za su yi, amsarsa kuwa ba ta da kwana-kwana. Mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji su daina ƙwace da ƙage, su ƙoshi da albashinsu. Sa'an nan ya kwatanta Mai zuwa da manomin da ya shiga masussuka zai sheƙe hatsinsa, ya zuba tsaba a rumbu, ya ƙone ƙaiƙayi. A Turai sai an zana wa yara hoto kafin su gane wannan. Mu kuwa a daidai makon da ake karanta shi, iyayenmu mata suna tsaye a masussuka da ƙwarya a sama, iskar hunturu tana kwashe ƙaiƙayi. Ya ku ɗalibai, wannan Bishara a ɗakin kwananku take magana. Akwai mai rigar sanyi biyu a akwati alhali maƙwabcin gadonsa yana karkarwa da asuba. Akwai babban ɗalibin da ya mai da ƙanana gonarsa, yana karɓe musu garin rogo da sukari da sabulu. Ga kuma jarrabawar ƙarshen zango, da 'yar takardar da ake naɗewa a safa. In Fada ya gama wa'azi a kan waɗannan, zukata sun ɗan yi nauyi yadda ya kamata, sai 'yan kwaya suka tashi da waƙar rawa ta komin dabbobi, me suka yi? Sun zuba ruwa a kan garwashin da aka sha wahalar hurawa. Yaron da ya fara tunanin mayar da sabulun da ya ƙwace ya sami mafita, ya shiga rawa ya manta.

Sai ran Lahadi ta huɗu ne ake juyowa sosai wajen haihuwar, ta wurin mafarkin Yusufu, ko albishirin mala'ika ga Maryamu, ko ziyararta ga Alisabatu. Ko a nan ma Jaririn yana ciki tukuna.

Daga ina matsalar take tasowa? Ba daga mugun nufi ba. Yawancin shugabannin kwaya sukan zaɓi waƙa ne bisa ga abin da muryoyi suka iya da abin da jama'a ke so, ba tare da sun buɗe littafin karatu sun ga Bisharar ranar ba. Ana koyon waƙa ran Asabar da yamma, a gaggauce, ana jiran ƙararrawar abinci. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da za a fara kowane zaman koyon waƙa da karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, a yi shiru na minti biyu, sa'an nan shugaba ya tambaya wace waƙa ce cikin waɗanda muka iya take faɗin abin da muka ji yanzu, da rabin gyaran ya samu ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mun san abin da wasu za su ce, gama mun sha jinsa a ɗakin malamai. Za su ce wannan sanyin jiki al'adar Turawa ce, waɗanda Disambarsu duhu ne da ƙanƙara, mu kuwa Disamba kaka ce, rumbu ya cika, 'yan birni suna komowa gida, ana ta bukukuwan aure, jininmu kuma na kiɗa ne. Muna girmama masu wannan ra'ayi, amma ba mu yarda ba. Wa ya fi mu sanin jira? A gidan wa aka taɓa yin suna kafin haihuwa? Mace tana da ciki, kowa ya sani, kowa yana murna a zuci, ana tara itacen wanka, ana tanadin rago, amma ba mai kiran makaɗa sai an ji kukan jariri. A wasu ƙabilun ƙasar nan ba a taɓa sabuwar doya sai an yi bikinta, ko da ta ƙosa a kunya. Maƙwabtanmu Musulmi sukan yi kwana 29 ko 30 suna azumi, tela ya gama ɗinki, an ninke kaya a akwati, amma ba mai yin hawan salla sai an ga wata. Idan muka ce jira baƙon abu ne a wurinmu, to, al'adar tamu ce ba mu duba da kyau ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ganga muke yaƙa. Ko kusa. Babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takardarsa a kan sujada ranar 4 ga Disamba 1963, a cikin Adbent ke nan. Takardar ta buɗe ƙofa ga harsunan gida, ta kuma ce a ƙasashen mishan, inda mutane ke da nasu gadon kiɗa da waƙa, a ba wannan gado darajarsa da wurinsa a cikin sujada. Tun kafin haka ma, a 1958, a Kamina ta ƙasar Kwango, Fada Guido Haazen da ƙungiyar yaransa sun rera Mas da karin waƙoƙin gargajiya da ganguna, abin da duniya ta sani da suna Missa Luba. Kakanninmu da suka karɓi bangaskiya bayan isowar fadan mishan Shendam a 1907 sun yi shekaru suna amsa Latin ɗin da ba su ji. Ba mai hankalin da zai so a koma can. Abin da ƙa'idar littafin Mas ta ce game da Adbent kaɗan ne: a yi amfani da kayan kiɗa da sauƙi, yadda ya dace da lokacin, kada a riga Kirsimeti cikar murnarta. Ba ta ce a rataye ganga ba. Ku saurari iyayenmu na Zumuntar Mata sa'ad da suke rera waƙar roƙo, tulu yana amsawa a hankali daga ƙasa, kacau-kacau yana bi kamar numfashi. Kalangu ya iya kirari, ya kuma iya magiya. Sarewa ita kaɗai, a majami'ar da ta yi tsit, tana iya sa tsigar jiki ta tashi. Kayan kiɗanmu sun san murya fiye da ɗaya. Wanda bai san sai murya ɗaya ba shi ne kibod ɗin da aka danna wa maɓallin kiɗa mai sarrafa kansa, aka haɗa da lasifika huɗu, ya zama waƙar neman jinƙai da waƙar baiko da waƙar fita duk gudunsu ɗaya, kamar motar haya mai neman cika lodi na biyu. Yaran da ke kaɗa shi suna da baiwa, muna kuwa alfahari da su. Abin da ya rage su koya shi ne inda ake ɗage hannu.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa domin a yi wa mawaƙa adalci. Waƙoƙin Kirsimeti da Hausa suna da yawa, na jira kuwa ba su taka kara sun karya ba. Shugaban kwaya ya duba ya ga biyu ko uku ne ya iya, an rera su har sun gaji, dole ya miƙa hannu cikin tukunyar Kirsimeti. Maganin wannan ba tsawatawa ba ne, ƙirƙira ce. Kayan aikin kuwa suna nan jibge. Annabi Ishaya, wanda ake karantawa kusan kowace rana a farkon Adbent, cike yake da hotunan da manomi da makiyayi suka sani: takuba da aka ƙere suka zama garemani, toho daga kututturen da aka sare, kyarkeci da ɗan rago a makwanci ɗaya, hamada tana fid da furanni. Daga 17 zuwa 23 ga Disamba kuma Ikkilisiya tana da tsofaffin kiraye-kiraye bakwai, waɗanda suka haura shekara dubu ana rera su a addu'ar yamma, kowace rana da sunan da ake kiran Almasihu da shi: Hikima, Ubangiji, Tushen Yesse, Mabuɗin Dawuda, Hasken Asuba, Sarkin Al'ummai, da Immanuwel. Kowanne yakan fara da kirari ya ƙare da roƙon ya zo. Kirari da roƙo! In akwai abin da Bahaushe ya iya da harshensa, ai wannan ne. Wani limamin Anglikan, John Mason Neale, ya juya waƙar Latin da aka gina a kan kiraye-kirayen nan zuwa Turanci a 1851, har yau ana rera ta ko'ina. Me zai hana 'yan ajin Hausa na babbar sakandare, waɗanda muke koya wa amsa-amo da ma'aunin waƙa domin jarrabawa, su ɗauki sunayen nan bakwai su yi musu baiti bakwai da amshi ɗaya? Masu jin Tyap da Jju da Berom da Ngas da Gbagyi da Tibi su ma su gwada da harshen iyayensu. Sai dai a kai wa Fada ya duba kalmomin kafin a rera a Mas, gama waƙa koyarwa ce, kuskuren da ya shiga waƙa kuwa ya fi na allo wuyar gogewa.

Hujjar da ta fi nauyi a kanmu ita ce ta masu cewa mutanenmu suna shan wahala, ga tsada, ga tsoro a hanya da gona, in sun zo majami'a a bar su su yi rawa su manta. Wannan magana daga tausayi ta fito, ba za mu yi mata dariya ba. Amma mu tuna da Adbent na 2025. Ranar 21 ga Nuwamba, kwana tara kafin Lahadi ta farko, 'yan bindiga suka shiga makarantar Katolika ta St Mary da ke Papiri a Jihar Neja, suka kwashe yara da ma'aikata fiye da 200. Makarantar mishan ce irin tamu, da ɗakunan kwana irin namu. An sako kashi ɗaya a farkon Disamba, sauran kuwa sai ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti. Ran Lahadi ta uku, 14 ga Disamba, sa'ad da iyaye da yawa ba su san inda 'ya'yansu suka kwana ba, Bisharar da aka karanta a kowace majami'ar Katolika ta ƙasar nan ita ce ta Matiyu sura 11: Yohanna yana kurkuku, ya aiki almajiransa su tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan, ko kuwa a saurari wani. Karatu na biyu daga wasiƙar Yakubu ne, a kan manomin da ke haƙuri yana jiran ruwan farko da na ƙarshe. Ba wanda ya zaɓi karatun nan domin Papiri, tun 1969 suke a wurinsu. To, ku gaya mana, uwar da ke zaune a benci a wannan safiya, wace waƙa ce za ta taimake ta? Wadda ke ce mata kome ya riga ya yi daidai, ta tashi ta taka? Ko wadda ta ba ta kalmomin da za ta yi tambayar Yohanna da su a gaban Allah, ba tare da ta ji kunya ba? Mai jiran ɗa, da mai jiran sakamakon asibiti, da mai jiran albashin da aka riƙe, da ɗalibin da ba a biya masa kuɗin makaranta ba, duk suna bukatar Ikkilisiyar da ta iya zama tare da su a cikin jira. In waƙoƙinmu duka na waɗanda suka riga suka samu ne, waɗanda ba su samu ba tukuna za su zama baƙi a gidan Ubansu.

Abin lura kuma shi ne, wannan Lahadi ta uku ita ce ake kira Lahadin farin ciki, ranar da aka yarda Fada ya sa tufafi ruwan hoda, a kunna kyandir mai irin wannan launi, a kuma ɗan saki hannu a kiɗa. Watau Ikkilisiya ta san nauyi yana gajiyarwa, ta tanadi wurin shan iska a tsakiyar hanya. Amma in tun Lahadi ta farko an ƙure kome, da me za a gane ta uku ta bambanta, balle daren Kirsimeti?

Saura maganar da ta shafi makaranta kai tsaye. Mukan rufe a tsakiyar Disamba, ɗalibai su watse, wasu zuwa ƙauyukan da Fada ba ya isa sai sau ɗaya a wata, inda katikis ne ke jan sujada, wasu kuma zuwa wuraren da aka daina Mas na tsakar dare saboda tsaro. In ba a yi daren waƙoƙin Kirsimeti kafin hutu ba, yaushe za a yi shi tare? Ba mu ce a soke shi ba. Daren nan ba Mas ba ne, yana da 'yancin da Mas ba ta da shi, mu ma muna jin daɗinsa. Roƙonmu ga hukumar makaranta da Fada mai kula da mu shi ne a raba abu biyu. Mas na Lahadi da na ranakun mako su zauna a cikin Adbent har ranar rufewa. Daren waƙoƙi kuwa a tsara shi ya zama tafiya, a fara da annabawa da Yohanna cikin ƙarancin haske, a bi ta kan Zakariya da Maryamu, waƙoƙin haihuwa su zo a kashi na ƙarshe kamar ɗanɗanon miya kafin a sauke tukunya. Tsarin karatu tara da waƙoƙi da makarantu da yawa suke kwaikwaya, Bishop Benson na Anglikan ne ya fara shi a Truro ta Ingila a 1880, a jajiberen Kirsimeti kuwa ya yi shi, ba a farkon wata ba. Kwalejin King's ta Kambrij, wadda ta shahara da shi tun 1918, ita ma daga baya, a 1934, ta ga ya kamata ta shirya wata sujada dabam domin Adbent.

Kada kuma a manta, Kirsimeti ba rana ɗaya ba ce. Lokacinta yakan kai har idin Baftismar Ubangiji, wanda ke faɗowa tsakanin 8 da 13 ga Janairu a yawancin shekaru. Sau da yawa mukan komo hutu kafin wannan rana, amma a Mas na farkon zango na biyu ba a jin ko waƙar Kirsimeti ɗaya, an riga an tattara komin dabbobi an kai sito tun Disamba. Muna roƙon shugaban kwaya da 'yan kwamitin sujada su duba kalandar bana tun yanzu. In ranar komowa ta riga idin Baftisma, a bar komin a wurinsa kafin a tafi hutu, a lulluɓe shi da zane saboda ƙurar hunturu, a kuma ajiye waƙoƙi uku ko huɗu da ba a taɓa ba domin wannan safiya.